Likkafanin Daada a Marina

Sokode, 9 ga Yuni, 1954

Ƙanwata Husseina,

Gaisuwa mai yawa, da barka da sallah. Ina fata kina lafiya, ke da yara da dukan mutanen Zongon Dapango. Ki durƙusa wa Inna Daada a madadina. ’Yarki Rahinatu, jikarta, lafiyarta ƙalau. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma Malam Alassani da zai karanta miki takardar nan ya yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Kin san Mumuni mahauci, ƙanin marigayi mijina, kin kuma san tun da aka binne wansa yake son ɗakina ya zuba fatu. Ranar jajibirin sallah ina tsakiyar ɗinkin mutane ya shigo da gatarin da yake saran ƙashi, ya ce keken ɗinkina gado ne, da kuɗin wansa aka saye shi. Na ce masa wansa ko allura bai taɓa saya min ba, kuma mutumin da ke danna babban yatsa a kan sikeli ba shi zai koya min rabon gado ba. Akwai mata huɗu a ɗakin suna jiran kayansu, suka yi dariya. Dariyar ce ta jawo. Sara uku ya yi. Na farko ya raba kan keken. Na biyu na kai hannu in tare, gefen gatarin ya karya min yatsu biyu. Na uku ban gani ba, Rahinatu ta ce tebur ne. Na kai ƙara wurin dattawan unguwa, suka ce maganar gida ce. Aka aiko min da cinyar rago ta ban haƙuri. Na mayar.

Shekara goma sha bakwai keken nan yana ciyar da ni. Yanzu ba keke, ba abin da zan koya wa ’yarki, ba kuma abin da za mu ci idan hatsin sallah ya ƙare.

Ga dalilin takardar. An manna sanarwa a bangon bariki, na karanta da kaina, Faransancin da na kwaso a gidajen Turawa lokacin da nake musu wanki da guga bai tafi a banza ba. Ranar bikinsu na sha huɗu ga Yuli, bayan tseren buhu da hawan sanda mai santsi, za a jera ’yan mata a kan dandamali a zaɓi wadda ta fi kyau. Matar wani babban Bature ce ta ƙirƙiro abin, Madam ake ce mata. Wadda ta zo ta ɗaya za a ba ta keken ɗinki sabo, na ƙafa.

Na san abin da za ki ce, ni ma na faɗe shi. Na ga yadda ake duba shanu a karar Mango, wannan ma haka ne, sai dai ba za a buɗe baki a ƙirga haƙora ba, shi ɗin ma ban rantse ba. Amma na je na leƙa ta taga na ga keken. Na gaya wa Rahinatu, ban tilasta mata ba. Ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ce a rubuta sunanta.

Saura kaya. An ce kowace yarinya ta zo da sabuwar riga. ’Ya’yan akawu ’yan kudu za su zo da atamfa ’yar Holan da takalma masu tsini. ’Yan matan ƙabilar Kotokoli na manyan gidaje za su zo da saƙi da zinariya. Mu duk abin da ke cikin ɗakin nan ya ga sallah biyar. Ki aiko da zanen kirki idan kina da shi, da tsakiyar aurenki, duwatsun nan na wuya, ta hannun Fuseini direba. Ki aiko da yardarki kuma. Idan guda ɗaya kawai za ki iya aikowa, to zanen.

Yayarki,
Lauratu


Dapango, 19 ga Yuni, 1954

Yaya Lauratu,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, Malam Alassani ya karanta min, shi ne kuma yake rubuta wannan. Na yi kuka saboda hannunki. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiya.

Maganar gasa ba ta yi min daɗi ba, da ubanta yana raye ba zai yarda ba. Amma ke kika riƙe ta tun tana shekara tara, ba zan zo yau in ce na fi ki sanin ta ba. Zane ba ni da shi, na sayar da na kirkin a yunwar bara. Ga tsakiyar nan na ƙulle a tsumma.

Yaya, babbar maganar ita ce Daada. Ta faɗi a bakin murhu kwana uku bayan sallah. Ɓangarenta na hagu ba ya motsi, bakinta ya karkace, amma hankalinta yana nan. Ta san ba za ta sake ganin Sokode ba. Ta ce in gaya miki ki buɗe akwatin ƙarfen da ta bar miki ajiya, ki ɗauko likkafaninta na Makka, ki ba Fuseini ya juyo da shi. Kullum sai ta tambaya. Don Allah kada ya kwana a hannunki.

Ki gaishe min da Rahinatu, ki ce ta yi wa kakarta addu’a.

Ƙanwarki,
Husseina

Ni Alassani mai rubutu na ƙara da cewa wannan gasa ba ta dace da ’yar Musulmi ba.


Sokode, 27 ga Yuni, 1954

Husseina,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Yatsuna suna warkewa a karkace. Kwana goma sha takwas ke nan ba amsa, motar Fuseini ma ba wanda ya gan ta, shi ya sa na aiko wannan ta gidan waya. Ko dai kin yi fushi, ko ba ki da zane kina jin kunyar faɗa. Duka biyun ba sa rufe wa yarinya jiki.

Na zaga gidajen zongo neman aro. Ashe Mumuni ya riga ni, ya ce duk matar da ta ba mu ko ɗankwali kada ta sake aikowa sayen nama. Shekaranjiya ya tare Rahinatu a hanyar rijiya, ya ture mata tulu, ya mare ta har leɓenta ya fashe. Wai ’yar zongo ba za ta tsaya gaban Nasara ba. Shi da kullum safiya yake cire hula a ƙofar kicin ɗinsu yana miƙa musu tsoka mai kyau. Leɓen zai warke kafin ranar, na duba.

Malam Alassani, idan ka zo nan ka rage murya.

Na buɗe akwatin ƙarfen Daada. Kin san abin da ke ciki: farin ƙyallen nan kamu goma sha biyu da ta taho da shi daga Makka, wanda aka wanke da ruwan Zamzam, wanda ta bar min ranar da kika tafi da ita, ta ce a Sokode za ta dawo ta mutu kusa da kabarin mijinta. Na ɗauko shi. Na kai wa Ɗantani marini. Ya warware, ya shinshina, ya gane ko mene ne, ya ce shi ba zai sa hannu ba. Na ce to ya matsa ya ba ni karofi in tsoma da hagu. Da ya ga na ɗaure zane na durƙusa, ya karɓe. Sau tara ya tsoma shi a baba, ya kai mabuga. Husseina, ya dawo yana ƙyalli kamar wuyan tattabara. Babu atamfar da za ta tsaya kusa da shi.

Kada ki fara. Matar da ta taka zuwa Makka da ƙafa ta dawo cikin shekara bakwai, ita za ta binne mu duka. Da keke ya shigo ɗakin nan, aikin farko da na yi zan saya mata farin ƙyalle mafi kyau a kanti. Na san ba zai zama na Makka ba. Amma jikarta ce za ta ci abinci da wannan, gara kuwa ba ta san Zamzam ba, na ga har ta fara lasar gefen akwatin. Kada ki gaya wa Daada tukuna. Rahinatu ma ban gaya mata ba, na ce ajiyata ce.

Ni nake yanka da hagu, ita take ɗinki da allura, duk layin da ya karkace in sa ta warware. Takalmi babu, don haka za mu yi mata lalle har idon sawu. ’Yan kunnena na tagulla na goge su da lemon tsami da toka. Akwai man kaɗe, akwai kwalli. Da yamma ina sa ta zaga tsakar gida da tulu a ka don ta daina tafiya kamar wadda aka aika.

Ki amsa min, ko da zagi ne.

Lauratu


Sokode, 11 ga Yuli, 1954

Husseina,

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan tambayi jikin Daada ba, amma ina tambaya.

Jiya Fuseini ya iso da takardarki ta sha tara ga Yuni. Motarsa ce ta karye a Mango, ya zauna mako uku yana jiran ƙarfe daga kudu, takardarki tana aljihunsa yana shan shayi a kanta. Motoci nawa suka wuce shi, bai ba kowa ba, wai hannu da hannu kika ce. Na jefe shi da murfin tukunya, ban same shi ba. Da ta iso a kan lokaci, da ƙyallen yana wurinku da farinsa. Yanzu ya zama gida bakwai, an ɗinke, rigar tana rataye a ƙusa.

Rahinatu tana tsaye na karanta, ban iya ɓoye fuskata ba. Ta ƙwace takardar, kin san na koya mata ajami. Da ta gane abin da ta yi mako biyu tana soka wa allura, ta wurga almakashi ya kafe a ƙyaure, tazarar ɗan yatsa da kunnena. Ta kira ni da sunan da ba zan rubuta ba. Na kama kafaɗunta na girgiza ta har haƙoranta suka haɗu. Ta kwana ba ta ci komai ba. Da safe ta sauko da rigar ta ce, “An riga an yanka, Inna. Idan ban sa ba, an yanka a banza.”

Na fito da littattafan babanmu na duba babin jana’iza. Fari an fi so, amma ba wajibi ba ne. Malam Alassani ya san haka, idan bai sani ba ya tambayi wanda ya sani, ya kuma daina ƙara min wa’azi a gindin takarda. Ranar Laraba ce gasar. Ranar Alhamis zan warware ɗinkin zare bayan zare, in wanke, in ba motar farko. Ki ce wa Daada yana hanya. Ba ƙarya ba ce, hanyar ce ta yi tsawo.

Abu ɗaya ke damuna. Matar Mumuni ta leƙo lokacin rigimar, ta ga akwatin a buɗe ba komai, ta ga rigar. Ita ta taya Daada ninke ƙyallen shekarun baya.

Lauratu


Dapango, 22 ga Yuli, 1954

Lauratu,

Daada ta rasu ranar Juma’a sha shida ga wata, bayan azahar.

Takardarki ta ashirin da bakwai ga Yuni ta iso tun tana da rai. Kin ce Malam ya rage murya. Kin manta kunnensa ya yi nauyi, bai san ƙarfin muryarsa ba, ɗakinmu kuma ɗaya ne. Ta ji komai, har tsomawa tara.  Can ta tambaya ko rinin ya kama. Na ce ban sani ba. Ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta sake tambayar mota ba.

Matan unguwa suka haɗa aka sayo akoko, a ciki muka naɗe ta. Shekara bakwai ta yi tana tafiya da ƙafa, ta binne ɗa a hanya, abin da ta dawo da shi ke nan, kuma ke ta ba ajiya don ta ce kin fi ni hankali.

Direbobi suna ta ba da labarin an zubar da jini a Sokode ranar bikin, kowa da irin nasa. Wani ya ce an kashe mutum. Ki gaya min abin da aka yi wa ’yata. Shi kaɗai nake so daga gare ki.

Husseina


Sokode, 4 ga Agusta, 1954

Husseina,

Allah ya jiƙan Inna Daada, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri. Jiya aka sake ni daga gidan kaso bayan kwana ashirin, na tarar da takardarki a hannun Rahinatu. Tana raye, tana tafiya da ƙafafunta, tana da ɗinki huɗu a saman girar dama. Ba a kashe kowa ba. Ga yadda aka yi.

Da hantsi aka jera su, su ashirin da uku, Rahinatu ce ta bakwai. Da ta hau dandamali ba takalmi, ’yan kudu suka yi dariya. Ta taka kamar yadda na koya mata, rana ta bugi rigar, dariyar ta mutu. Masu zaɓe mata ne biyar. Madam ta taso da kanta, ta kama gefen rigar ta juya, ta ga ɗinkin hannu ne, ta tambaya wa ya yi. Rahinatu ta nuna ƙirjinta. Suka yi shawara, aka rubuta a takarda, tafinta ya kira sunanta. Aka kai ta gaban keken.

A nan Mumuni ya hau, da mahauta uku a bayansa. Ya ɗaga murya yadda har masu sayar da ƙosai a bakin fili suka ji: “Likkafani ne a jikinta! Likkafanin kakarta ne!” Na ga ’yan matan da ke kusa da ita sun ja baya kamar an watsa ruwan zafi. Ya damƙi wuyan rigar ya yaga kafaɗa, ya naushe ta, ta faɗa kan keken, ƙarfen ya tsaga mata goshi.

Na zo da dutsen guga a kwando don in gyara mata gefen riga kafin ta hau, da sauran garwashi a ciki. Ban tuna yadda na hau dandamalin ba. Na tuna nauyin dutsen a hannun hagu, da ƙarar da muƙamuƙinsa ya yi, irin ƙarar da na sha ji a rumfarsa. Murfin ya buɗe, garwashi ya zube masa a cikin riga. Ɗaya daga cikin mahautan ya buge ni a baki da ƙotar wuƙa, haƙorina na gaba yana can a filin. Samarin Kotokoli da aka ture musu ƙanne suka hau da kujeru. Sai ’yan gardi, ’yan sandan bariki, suka shigo da bulala, su kuma ba sa tambayar wa ya fara.

Madam ta sa a ɗauke keken a mayar ofis. Rahinatu ta rungume shi da hannu biyu, jini ya rufe mata ido ɗaya, bulala tana sauka a bayanta, ba ta saki ba. Ina ƙasa an danne ni da gwiwa, na yi wa Madam ihu da Faransancin wanki da guga cewa sunan yana takarda, ita ta rubuta da hannunta, ko rubutun nasu ma na wasa ne? Ta yi ja har wuya, ta ce a bar mata. ’Yarki ta kwance kan keken ta ɗora a ka, ta ratsa filin da yagaggiyar riga, ba wanda ya tare ta. Ɗantani marini ne ya bi ta da ƙafafun keken.

Mumuni yana shan koko ta tsinken kara, an ce sai bayan babbar sallah zai tauna nama. Bai sake maganar ɗaki ba. Ni na share kasuwa kwana ashirin da igiya a ƙugu, kuma ban ga ranar da ta yi min tsawo ba sai jiya.

Keken yana aiki, Rahinatu tana kansa yanzu haka, tebur yana rawa ina rubutu. Rabin matan zongo ba sa kawo mana ɗinki, wai ɗakin mai likkafani. Matan akawu da na Kotokoli suna kawowa, har ta fara mayar da wasu. Bayan sallah za ta zo miki ta’aziyya. Idan kin riƙe ta, hakkinki ne, zan sa a ɗora keken a mota ya bi ta. Nata ne, da goshinta ta saye shi.

Ban roƙe ki gafara ba. Idan aka mayar da ni watan Yuni, ban san Daada ta faɗi ba, zan sake buɗe akwatin, kuma ba na son in yi miki ƙarya a cikin makoki. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ta yi tambaya ba a ba ta amsa ba.

Rinin ya kama, Husseina. Yau na warware rigar, na wanke sau uku. Shuɗin bai sauka ba, jinin Rahinatu ma bai fita daga kafaɗar ba. Na ninke gida bakwai ɗin na mayar cikin akwatin ƙarfe. Na gaya wa Rahinatu, ina gaya miki, Malam Alassani kuma a nan ya ɗaga murya yadda yake so, kowa ya zama shaida: ranar da na mutu, a cikinsa za a naɗe ni, kada wanda ya sayo fari. Ajiya ta ba ni. Zan kai mata da kaina, ta duba rinin da idonta.

Yayarki, ko kin so ko ba ki so ba,
Lauratu